Asiransin tsohuwar mota okaziyo: ina ake rage kuɗi, ina ne ba a taɓawa?

Ɗan Adar (Tawa):

Assalamu alaikum ƴan uwa. Shawara nake nema daga waɗanda suka san harkar asiransi. Motar Toyota Avensis ce ƙirar 2005, mai shan esansi, okaziyo daga Beljiyam, ta shigo ta Lome. An gama da duwan, kartigiris ta fito da sunana, dawaki 9 aka rubuta, wato ma'aunin ƙarfin injin. Aikinta zirga-zirgar gida cikin Tawa, sai Ƙonni, wani lokaci Yamai, jefi-jefi kuma a ƙetara Sakkwato.

Farashi uku ke hannuna. Na farko daga biron wani kamfani, RC kawai, wato asiransin ɓarnar da mota za ta yi wa wani. Na biyu ya kusa ninka shi uku, wai da gobara da sata da gilashi da ɓarnar motar kanta. Na uku wani mutum ne a tasha, kuɗinsa bai kai rabin na farko ba, kuma ya ce ba sai ya ga kartigiris ba, lambar mota ta ishe shi. Shin tsufan mota yana ƙara kuɗin asiransi? Mi ya dace in ɗauka ga mota mai waɗannan shekaru? Kuma wata uku-uku ya fi ko a biya shekara gaba ɗaya?

Malam Mai Biro (Yamai):

Wa alaikumus salam, Malam. Na ukun nan ka share shi tun yanzu, ga dalili.

Nijar tana cikin ƙasashen CIMA, yarjejeniyar harkar asiransi da aka sa wa hannu a Yawunde a 1992, kundin dokokinta kuma ya fara aiki a 1995. Sashe na 200 na kundin shi ya wajabta RC a kan duk mai mota, wato asiransin ɓarnar da motarka za ta yi wa wani, jikinsa ko dukiyarsa. Sashe na 212 kuma ya ce kamfani yana da damar sa farashinsa, amma ba zai sauko ƙasa da mafi ƙarancin farashin da hukuma ta amince da shi ba. Ke nan RC yana da ƙasa, akwai inda ba ya wucewa. Ka zagaya CAREN da SUNU da Leyma da NIA da MBA, za ka tarar bambancin da ke tsakaninsu a kan RC tsantsa bai taka kara ya karya ba. Wanda ya zo maka da rabin kuɗi, ɗaya cikin uku ne: takardar bogi ce, ko ta gaske ce amma kuɗin ba zai shiga akwatin kamfani ba, ko kuma ya rage dawakin motar a rubuce don ta faɗa aji na ƙasa. Kowanne daga cikinsu yana iya wuce ka a shingen ƴan sanda, ranar hatsari ne asiri ke tonuwa. Sashe na 13 ya fito fili: asiransi ba ya fara aiki sai an biya kuɗinsa.

Batun tsufa: ba da shekarun mota ake lissafin RC ba. Abin da ake dubawa shi ne dawakin da ke kartigiris, esansi take sha ko gazuwal, aikin da take yi, yankin da take yawo, da wanda ya saba tuƙa ta. Dawakin a rukuni-rukuni suke. Ga masu esansi tsarin da aka saba shi ne 3 zuwa 6, 7 zuwa 10, 11 zuwa 14, 15 zuwa 23, sai 24 zuwa sama. Taka mai 9 tana aji ɗaya da mai 7 da mai 10, sabuwa ce ko tsohuwa. Shi ya sa wanda ya sayi tsohuwar babbar mota mai silinda shida daga Amurka don ya same ta da araha yake shan mamaki a biro: motar ta faɗi a kasuwa, dawakinta suna nan daram. Masu gazuwal rukuninsu a matse yake, da dawaki kaɗan mota ke hayewa aji na gaba.

Sai aikin mota. Aji na 1 shi ne na hawa da harkokin kai, shi ne naka. Na 2 ɗaukar kayanka da kanka, na 3 dakon kayan mutane, na 4 ɗaukar fasinja, na 5 moto da masu ƙafa uku. Kada ka ce aji na 1 alhali kana ɗiban fasinjan Ƙonni ana biyanka. Ƙarya da gangan wajen bayani tana rushe yarjejeniyar, kuma kuɗin da ka biya ba ya dawowa, sashe na 18 ke nan. In kuskure ne ba da niyya ba, sashe na 19 ya ba kamfani damar rage diyya daidai da gibin da ke tsakanin abin da ka biya da abin da ya kamata ka biya.

Inda tsufa ke shiga shi ne wajen asiransin motar kanta, kuma nan ne farashinka na biyu ya kumbura. Ka koma ka ce su ba ka lissafin a rubuce, layi-layi: RC nawa, kare kai da bin haƙƙi nawa, direba da mutanen cikin mota nawa, gobara nawa, sata nawa, gilashi nawa, ɓarnar mota nawa, sannan kuɗin takarda da harajin gwamnati. In ba a rarrabe ba, ba za ka san abin da kake saye ba, kuma ba za ka iya gwada farashin wannan biro da na wancan ba.

Ga mota ƙirar 2005, ni abin da zan ce ka ɗauka uku ne. RC, dole. Sai kare kai da bin haƙƙi, wanda a biro ake ce wa defans-rekur: kuɗinsa kaɗan ne, amfaninsa kuwa in wani ne ya buge ka, kamfaninka ne zai bi kamfanin wancan, ba kai za ka riƙa sintiri daga Tawa zuwa Yamai ba. Na uku asiransin direba. Mutane da yawa ba su san cewa RC ba ya biyan wanda ke riƙe da sitiyari ba. Iyalinka da ke cikin motar doka ta ɗauke su tamkar baƙi, ana biyansu, amma kai da ke tuƙi, in kai ne da laifi ko taya ta fashe ka faɗa rami kai kaɗai, ko kuɗin asibiti ba ka da shi sai in ka sayi wannan layin. Ka duba adadin da aka rubuta na magani, na naƙasa da na rasuwa, don wasu adadin sun yi ƙanƙanta ƙwarai, kuma ƙara su ba ya cin kuɗi sosai.

Batun wata uku-uku ko shekara kuwa, shekara ta fi. Gajeren lokaci ba a raba kuɗin shekara daidai ake yi ba, ana ɗora masa ƙari, kuma duk sabuntawa sai ka sake biyan kuɗin takarda. Wata uku sau huɗu ya fi shekara ɗaya tsada. In kuɗin ba su taru ba, wata shida ya fi wata uku sauƙi. Ranar sabuntawa kuma ka tambayi rangwamen wanda bai yi hatsari ba, ba kowane ma'aikaci ne zai tuna maka ba. In ka canza kamfani, ka karɓi takardar shaidar cewa ba ka kawo hatsari ba ka tafi da ita.

Makanisiyen Feray (Yamai):

Malam Mai Biro ya gama magana a kan RC. Ni zan tsaya a kan ɓarnar mota, wanda ake ce wa turiske, don nan ne masu tsofaffin motoci ke zubar da kuɗi.

Ƙa'idar guda ce, tana sashe na 31: diyya ba ta wuce darajar abin a ranar da ya lalace. Ba kuɗin da ka saya ba, ba kuɗin saye da duwan da dako a haɗe ba, abin da motar za ta yi a kasuwa ranar hatsarin, kuma eksper, wato gwanin da ke ƙiyasta daraja da ɓarna, shi ke yankewa. Ɗauki misali, lissafi ne kawai. Motar tana yin miliyan 2 a kasuwa, kai ka rubuta miliyan 3 da rabi. Duk shekara a kan miliyan 3 da rabi za ka biya, ranar da ta ƙone miliyan 2 za a ba ka, a cire kason da yarjejeniya ta bar maka, wato faranshiz. Juya abin: ka rubuta miliyan 1 don kuɗin su ragu. An buge gaba, gyara ya kama jika 400. Tunda rabin darajar ka sa wa asiransi, rabi za a biya, jika 200, sannan a cire faranshiz. Ta sama asara, ta ƙasa asara.

Bayan haka akwai ragin tsufa. Eksper ba ya biyan sabon abu a madadin tsoho. Taya, batir, amotisa, salansa, ragiyata, duk yana cire kaso gwargwadon shekarunsu. In kuɗin gyara ya haura darajar motar, sai ya rubuta ta mutu, a ba ka darajarta, in kana son riƙe gangar jikin a sake cire kuɗinta. Ga Avensis mai shekara 20, fitilun gaba biyu da bamba da kapo da ragiyata da jakunkunan iska sun isa su kai ta wannan matakin. Kamfanoni da dama ma ba sa son karɓar turiske a mota mai irin waɗannan shekaru, wanda ya karɓa kuma zai nemi eksper ya fara duba ta, kuɗin duban daga aljihunka. Kayan Toyota na okaziyo suna nan a kasuwar Feray, kuɗin turiske na shekara biyu ko uku in ka adana su sun isa gyaran ƙaramin karo.

Gilashi: ka tambayi kuɗin gilashin gaba da aikin ɗaurawa a Tawa, ka gwada da kuɗin layin da faranshiz ɗinsa. Mai yawan bin hanyar Tsarnawa zuwa Dogon Dutsi a bayan manyan motoci yana iya cin riba da shi, mai yawo cikin gari ba ya buƙata.

Gobara ce nake ganin ta cancanci a duba, don da darajar mota ake lissafinta, darajar tsohuwa kuwa kaɗan ce. Sai dai ka karanta sharuɗɗan. Galibi in waya ta haɗu ta ƙona na'ura kawai, wuta ba ta tashi ba, ba a biya. Abin da ke cinna wa motocin Turai wuta a nan sananne ne: tiyon esansi na roba da zafi ya busar ya tsage yana ɗiga kusa da inji, fis da ya ƙone aka maye shi da zaren waya, batir da ba a ɗaure ba yana tsalle har kansa ya taɓa ƙarfe, da wayoyin rediyo ko ƙararrawa da aka ja kai tsaye daga batir ba fis. Ka sa a duba waɗannan huɗun, ka ajiye tukunyar kashe wuta mai hoda ta kilo 2 inda hannu ke kaiwa, ba ƙarƙashin kaya a but ba.

Tayun da motar ta zo da su ma ka duba. A gefen taya akwai lamba huɗu a ƙarshen layin da ya fara da DOT: biyun farko sati, biyun ƙarshe shekara, 2314 na nufin sati na 23 a 2014. In ka ga hoton dutse da ƙanƙara a jiki, tayar sanyi ce, robarta laushi ne da ita, ba a yi ta don kwaltar Adar a watan Afrilu ba.

Abu na ƙarshe, lambar shasi. Haruffa da lambobi 17 ne, babu harafin I ko O ko Q a ciki, in ka ga ɗaya a takarda kuskuren bugu ne. Avensis ta wannan ƙirar a Ingila aka haɗa ta, lambarta da SB1 take farawa. Ka gwada wadda ke jikin mota da ta kartigiris da ta takardar asiransi, harafi-harafi, kafin ka bar biro. Kuskuren harafi ɗaya gyaran minti biyar ne yau, ranar neman diyya kuwa watanni yake ci.

Ɗan Adar (Tawa):

Allah shi saka da alheri, na fahimta. Saura biyu. Sata fa, in bar ta? Kuma in zan shiga Sakkwato ta Illela, takardar nan ta isa? Wani kuma ya ce mani in motar tana da ragowar asiransin wanda ya kawo ta, in ci gaba da shi har ya ƙare.

Hajiya Mai Lissafi (Tawa):

Ƙanena, bari in fara da na ƙarshe, don shi ya fi haɗari. Asiransi ba ya bin mota zuwa hannun mai saye. Sashe na 41 ya ce in an sayar da mota, yarjejeniyar tana tsayawa da kanta a rana ta biyar bayan cinikin, da ƙarfe 12 na dare. Takardar da ke manne a gilashi tana iya nuna saura wata huɗu, amma ba ta ɗauke da komai. Wanda ya sayar shi ne zai je ya soke ko ya mayar da ragowar kan wata motarsa, kai kuma ka yanki naka da sunan da ke kartigiris. Asiransin da mota ta taso da shi daga tashar jirgin ruwa shi ma na hanya ne, na ƴan kwanaki.

Iyaka: RC da ka yanka a Nijar yana aiki cikin ƙasashen CIMA, Benin, Burkina Faso, Mali, Togo, Cadi da sauransu, sashe na 204 ne. Nijeriya ba ta cikinsu. Abin da aka tanada don wannan shi ne kati mai ruwan ƙasa, kart burun, tsarin da ƙasashen CEDEAO suka kafa a 1982. Kafin tafiya ka je biron da ka yanki asiransi, ka faɗa musu ƙasar da za ka da ranakun, ka duba da idonka lambar motarka da ranar farawa da ta ƙarewa a kan katin. Shi ma ɓarnar da ka yi wa wani kawai yake ɗauka. Gobara ko sata ko gilashi, sai ka duba shafin yarjejeniyar inda aka lissafa ƙasashen da suke aiki.

A kan sata na ɗan saɓa da masu cewa tsohuwar mota ba a sace ta. Toyota ce, kayanta suna da kasuwa ko ta mutu. In tana kwana cikin gida mai ƙofa, a bar layin. In a titi take kwana ko kana barin ta a tasha ko bakin kasuwar Ƙonni, ka tambayi kuɗin gobara da sata a haɗe, a kan darajar gaskiya. Sharuɗɗanta a tsaurare suke: awa 48 kake da su ka sanar da kamfani, da takardar ƙara daga ƴan sanda ko jandarma, kuma za a nemi makullai da kartigiris. Motocin okaziyo da yawa da makulli ɗaya suke zuwa, to a rubuta hakan a yarjejeniya tun ranar farko. Kada ka bar kartigiris cikin mota. Satar batir ko madubi ko rediyo kaɗai galibi ba ta cikin layin sai an ƙara ta musamman.

Ruwa kuma: RC da gobara da sata ba ɗayansu da ke biyan motar da ambaliya ta shiga, ko injin da ya sha ruwa wajen ƙetare kwari da damina.

Tunda hanyar Ƙonni kake bi, ka san da maganar jarkoki. Doka ta ba kamfani damar cire kansa daga ɓarnar da kayan da ke kama wuta suka jawo ko suka ƙara, sai dai an yi sassauci har kilo 500 ko lita 600, har da wanda ke tanki. Jarka ɗaya ta guzuri ba ta kai nan ba. Amma motar da aka cire kujerunta aka cika da jarkoki ta bar aji na 1 tuni. Haka direba marar farmi, ko wanda farminsa bai dace da motar ba. A irin wannan, wanda aka ji wa rauni ba ya rasa haƙƙinsa, kamfani zai biya shi, sannan ya juyo kanka ya nemi kuɗinsa. Don haka yaron gida da bai da farmi kada ya taɓa makulli, ko zuwa wanki ne.

Malam Mai Biro (Yamai):

Hajiya ta faɗi gaskiya a kan sata, in a waje take kwana a ƙara. Akwai wani gibin da ya shafi tsohuwar mota musamman, tunda ta fi sabuwa zuwa garaji: RC ɗinka yana ɗaukar duk wanda ya tuƙa motar, ko da ba da izininka ba, ban da masu sana'ar gyara da sayarwa da duba motoci in an ba su ita don aikinsu. Su doka ta ce su yanki nasu. Makanisiyen da zai fita gwaji, ya fi kyau kai ka tuƙa yana gefe yana saurare.

Ranar biya, ka tafi da kartigiris da farmi da takardar bizit, ta duba lafiyar mota, wadda ba ta ƙare ba. Ka fito da abu huɗu a hannu: rasit mai hatimin kamfani, takardar shaidar asiransi, ƙaramar takardar da ake mannawa a gilashin gaba, da yarjejeniyar kanta mai sharuɗɗa. In ta hannun wakili ko dillali ka biya, ka kira babban biron kamfanin ka ba su lambar yarjejeniyar su tabbatar maka tana cikin kwamfutarsu. Wakilin gaskiya ba ya jin haushin wannan. Ka duba awar da asiransin zai fara, ba ranar kawai ba.

In hatsari ya faru, a fara da masu rauni. Sannan a kira ƴan sanda in cikin gari ne, jandarma in a hanya ne, su yi konsta, wato su rubuta yadda hatsarin ya faru, don da takardarsu ake raba laifi. Ka ɗauki hoton motocin a inda suka tsaya, da lambar ɗayar, da takardar gilashinta yadda sunan kamfani da ranar ƙarewa za su fito. Kada ka sa hannu a wata takardar ɗaukar laifi ko ta sulhu. Kamfani yana da damar ƙin yarda da sasancin da aka yi ba da shi ba, abin da ka biya a bakin hanya ya tafi ke nan. Kai mai rauni asibiti da gaishe da iyalinsa ba ɗaukar laifi ba ne, ka yi, ka adana duk rasit na magani. Diyyar rauni da ta rai ba ciniki ake yi ba, akwai ma'aunin da kundin ya shimfiɗa, wanda ya dogara da mafi ƙarancin albashi na ƙasa.

Ka sanar da kamfani a rubuce cikin kwanaki 5 na aiki, ko da kana ganin ba kai ne da laifi ba, ka karɓi kwafi mai hatimi da kwanan wata. Kada a taɓa gyara sai eksper ya gani ya ɗauki hoto, kayan da aka cire kuma a ajiye su. Ƙara tsakaninka da kamfaninka wa'adinta shekara 2 ne, kada takarda ta kwanta kana jira a kira ka. In dosiye ya tsaya ba dalili, ka rubuta wa shugaban sashen hatsari na kamfanin, in shiru, ka kai koke sashen kula da kamfanonin asiransi na ma'aikatar kuɗi a Yamai, tare da kwafin konsta da rahoton eksper da wasiƙarka ta farko mai hatimi.